YAYA 'YAR GIRKA, MAI GIRKI DA LAMBU A KANO

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'a masu karatu, musamman ku da neman abinci ya kai Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, wannan mako labarin wata baƙuwa na kawo muku, wadda ta yi zaman baƙunci a Kano kamar yadda kuke yi a Kurmi.

Kwanan baya wata Baturiya mai furfura ta sauka Kano daga Atina, babban birnin Girka, tana cigiyar gidan da kakarta ta zauna. Aka haɗa ta da ni don in yi mata jagora. Kakar ta daɗe da rasuwa. Jikoki suna kiranta "Yaya", watau kaka da harshensu. Ma'aikatan gidan da suka ji, sai suka ɗauka yaya ce irin tamu, su ma suka bi, har sunan ya zauna.

Yaran yanzu sa yi mamakin abin da ya kawo Girkawa Kano. Gyaɗa ce. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911 ciniki ya buɗe, baƙi suka yi ta kwararowa. George Zochonis, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa kamfanin PZ, mutumin Girka ne. Shi ma A.G. Leventis jinin Girkawa ne daga tsibirin Kubrus. Mijin Yaya dai bai kai waɗannan ba. Ɗan kanti ne mai sikeli, yana sayen gyaɗa da ƙiraga kusa da tashar jirgi.

Ita kuwa Yaya, kafin aure ya kawo ta nan, ta riga ta rasa gida sau ɗaya. A Samirna aka haife ta, garin da yanzu ake kira Izmir a Turkiyya. Cikin Satumba 1922, a ƙarshen yaƙin Girka da Turkiyya, wuta ta cinye unguwannin Girkawa na garin, suka tsere ta teku tana ƙaramar yarinya. A 1923 aka yi yarjejeniyar Lozan, aka yi musayar jama'a: Kiristoci fiye da miliyan ɗaya suka bar Turkiyya, Musulmi wajen 400,000 suka bar Girka. Ba a yarda kowa ya koma ba.

To, wanda ba shi da garin da zai je ganin gida, ina zai sa ransa? Ita a lambu ta sa nata. Muka sami wani dattijo a Fagge wanda mahaifinsa ne gadinan gidan, ya ce tun asuba take fitowa da butar ban ruwa. Ta dasa rumman da lemun tsami da inabi, ta jera ɗaɗɗoya cikin gwangwanayen kananzir. Zaitun ne kaɗai ya ƙi ta. Ya yi ganye, ya yi tsawo, amma ko ɗa guda bai taɓa yi ba, don itace ne mai son sanyin hunturun ƙasarsu, wanda namu bai kai ba. Duk da haka ba ta yarda a sare shi ba.

A madafa ma haka ta yi ta dabara. Man zaitun ya yi wuya, ta koma man gyaɗa, tana mita tana zubawa. Nonon da Fulani ke kawowa sai ta tace shi cikin farin ƙyalle ya kwana, ya yi kauri kamar na garinsu. Kuɓewa kuwa ta santa tun tana yarinya, amma ɗungurungum take dafa ta da tumatir, ba ta son yauƙi. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Mu a wurinmu wannan ɓarnar kuɓewa ce, amma mun ci, kuma ba mu bar saura ba." Tana naɗe shinkafa cikin ganyen inabi, tana dafa alayyafo ta matsa masa lemo. Yaro ba ya shiga gidan ya fita hannu banza.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da mijinta ya cika kwana arba'in da rasuwa. Al'adarsu ce a dafa alkama, a zuba sukari da 'ya'yan rumman, a raba wa jama'a. Ta aika wa maƙwabta kwano-kwano, suka ce ashe su ma suna sadakar arba'in.

Bayan dokar 1972 da ta mayar da ƙananan sana'o'in baƙi hannun 'yan ƙasa, 'ya'yanta suka sayar da kantin suka tafi da ita Atina. Jikar ta ce can ma ba ta sake ba. A bene suka zauna, ba ƙasar shuka, ta dasa kuɓewa cikin gwangwani a baranda, in yara sun ɓata mata rai da Hausa take yi musu faɗa.

Gidan mun same shi, ya zama sito na atamfa. An malale tsakar gidan da siminti, zaitun babu shi. Dattijon ya ja mu zuwa gidansa, ya nuna mana wani rumman a bayan ɗaki, ya ce reshe ne mahaifinsa ya yanko daga na Yaya. Ya tsinko biyu ya miƙa wa jikar, ya ce, "Riƙe, Hajiya, naku ne."