Daren Da Mussarmu Ta Hana Unguwa Barci

Mai karatu ya yi mini afuwa, yau zan bar batun siyasa in yi magana a kan kyanwa, wadda mu Sakkwatawa muke kira mussa, wasu kuma su ce mage. Sunaye uku ga dabba guda, ga muzuru na namijinta, amma duk da wannan yalwar harshe kaɗan daga cikinmu ne suka san abin da ke faruwa a jikinta ranar da ta balaga.

'Yata ce ta kawo ta gidanmu a Arkilla tana 'yar jaririya. Da ta kai kimanin wata shida, wani dare sai ta ɓarke da kuka mai tsawo kamar na jinjiri, tana birgima, tana goga jiki da ƙafar kowa. Idan aka shafa bayanta sai ta kwantar da ƙirji, ta ɗaga ƙugu, ta karkatar da wutsiya gefe tana tattaka ƙafafun baya. Abinci ma ta rage. Kafin gari ya waye muzurai uku sun jeru bisa katanga. Wata maƙwabciya ta rantse iska ce ta shige ta, a sa ta a buhu a kai ta bayan gari. Uwargida kuwa, don tausayi, har ta ɓallo Panadol.

Allah ya sa na tuntuɓi wani abokina likitan dabbobi kafin ta haɗiye shi, domin kuwa wannan magani guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ya ce lafiyarta lau, neman barbara take yi. Yawanci yakan fara tsakanin wata 4 zuwa 10 da haihuwa, ya ɗauki kamar mako guda, in ba ta sadu da muzuru ba ya dawo bayan mako 2 ko 3. A ƙasashen sanyi tsawon yini ne ke tayar da shi, don haka yana da lokacinsa a shekara. Mu da yininmu bai cika gajarta ba, ana iya ganinsa kusan kowane lokaci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, saduwar ce da kanta take sa ƙwanta ya fito, shi ya sa da wuya ta tsallake katanga ta dawo ba ciki. Cikin kwana 63 zuwa 65 sai 'ya'ya.

Ya ja kunnena a kan abu biyu. Kyanwa ba ta zubar da jini a wannan hali kamar karya, saboda haka in an ga jini ko ruwa mai wari, ciwo ne, a garzaya asibiti. Sannan kada a kuskura a yi mata allurar tazarar haihuwa ta mata, tana iya jawo ruɓewar mahaifa da ƙari a nono.

Abin da ya rage shi ne haƙuri: a tsare ta a ɗaki mai iska da ruwa da abinci da kwanon yashi, a toshe taga, a riƙa wasa da ita, kada a dake ta. Tsarewa ba da ci da sha ba kuwa, mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwa.

Maganin dindindin shi ne tiyatar cire mahaifa, irin aikin asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na san malamai sun yi saɓani a kan hana dabba haihuwa, kuma ba fagena ba ne. Ni dai, da na tuna jariran mussa da nake gani an zubar a juji cikin zafin Afrilu, ban yi jinkiri ba. Mun jira kukan ya lafa, muka kai ta. Maƙwabciyar nan har yau ba ta yarda ta ƙetare ta a zaure.