Kofi uku a jere: abin da ya ɗaga Kano Pillars da abin da ya kayar da ita

A gidajen kallon ƙwallo na Wara da Yelwa da Shanga a jihar Kebbi, gardamar da ake tafkawa ta Arsenal ce da Chelsea da Real Madrid. Amma akwai wasu shekaru da sunan wani kulob na gida ya kutsa cikin wannan gardama, har masunci da ke gyaran koma a bakin tafkin Kainji yakan kasa kunne ga rediyo ran Lahadi da yamma don jin yadda aka tashi a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano. Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙwararru ta Najeriya a 2012 da 2013 da 2014, bayan na farko da ta ci a 2008. Kafin ita, kulob biyu ne suka taɓa yin uku ko fiye a jere, Iwuanyanwu Nationale ta Owerri daga 1987 zuwa 1990, da Enyimba ta Aba daga 2001 zuwa 2003. Shekara takwas bayan kofin ƙarshe, a 2022, Pillars ta faɗa rukuni na biyu. A ganina hawan da faɗuwar tushensu ɗaya ne.

An kafa kulob ɗin a 1990, aka haɗe WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North suka zama ɗaya a hannun gwamnatin jiha. Kano ba baƙuwar kofi ba ce, domin Raccah Rovers ta ci gasar tun 1978, sai dai daga baya Arewa ta koma 'yar kallo, in ban da BCC Lions ta Gboko a 1994 da Lobi Stars ta Makurɗi a 1999. Saboda haka da Kadiri Ikhana ya kai Pillars ga kofin 2008, murnar ba ta tsaya a Kano ba. Bahaushen Sakkwato da na Yauri da na Maraɗi duk sun ji kamar nasu ne ya ci.

Dalili na farko, wanda ya fi kowane nauyi, shi ne gida. Kirarin kulob ɗin "Sai Masu Gida", kuma ba banza aka laƙaba shi ba. Daga 2003 har zuwa watan Agusta na 2015, lokacin da Nasarawa United ta zo ta ci 2-1, ba wanda ya doke Pillars a Kano a wasan gasar. Shekara 12 ke nan. A yi lissafi: kulob 20 ne ke gasar, kowa wasa 38, 19 a gida. Wanda ya cinye na gidansa kaf yana da maki 57 tun bai taka ƙofar kowa ba. A shekarun nan kuwa maki 60 da ɗoriya ke ba da kofi. Wato kulob ɗin da ya tsare gidansa, ya kuma samo kunnen doki kaɗan da nasara biyu ko uku a waje, ya gama aiki. Pillars ta fi kowa iya wannan sana'a. Filin Sani Abacha yakan cika maƙil tun kafin a take wasa, a daidai lokacin da filayen wasu jihohi ke zaune fayau, kuma ɗan wasan da bai saba jin ihun mutum dubbai a kansa ba, ƙafarsa takan yi nauyi.

Ba za a ɓoye ɗaya gefen ba. Gasar Najeriya ta daɗe da ƙaurin suna cewa baƙo ba ya cin wasa, alƙalin wasa kuma yana busa usur ne yana tunanin yadda zai fita daga fili lafiya. Wannan ciwo na gasar ne baki ɗaya, har ta kai kamfanin LMC da ya karɓi gudanar da ita a 2013 ya riƙa ba da tukwicin kuɗi ga duk kulob ɗin da ya ci wasa a waje. Wanda ya ce Pillars da tsoratarwa kaɗai ta ci kofi bai yi adalci ba, domin kowa na da gidansa, amma ita ce ta yi uku a jere. Wanda kuma ya ce gwaninta ce zalla, shi ma ya rufe ido ɗaya.

Na biyu shi ne zaman 'yan wasa wuri guda. A gasar da ɗan wasa ke sauya riga kusan kowace kaka saboda bashin albashi da kuɗin sa hannu, Pillars ta riƙe ƙashin bayanta. Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, da Gambo Muhammad sun yi shekaru suna wasa tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya. Ko da Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 ya wuce VVV-Venlo ta Holan, gini bai rushe ba. Masu horarwa ma sun sauya, Baba Ganaru ya ci na 2012 da na 2013, Okey Emordi ya ci na 2014, wanda ke nuna cewa ƙarfin ba a hannun koci ɗaya yake ba.

Abin da ya ba da damar riƙe su kuwa aljihun gwamnati ne. Kofin farko ya zo zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ukun baya zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso. A jihar da siyasa ke da zafi kamar Kano, babu gwamnan da zai so a ce a hannunsa Pillars ta mutu. Akwai kuma yanayin garin a lokacin. Hare-haren 20 ga Janairu 2012 sun jefa Kano cikin zullumi, aka shiga shekarun shingayen bincike da dokar hana fita. A irin wannan hali filin ƙwallo na cikin 'yan wuraren da suka rage inda jama'a ke taruwa don farin ciki, kuma gwamnati ta san darajar hakan.

To me kofunan suka haifar? A nan ne lissafin ke ban takaici. Bajintar Pillars mafi girma a Afirka ta zo ne kafin ukun nan, a 2009, lokacin da ta fitar da Al Ahly ta Masar mai riƙe da kofin zakarun nahiyar, 1-1 a gida da 2-2 a Alƙahira, ta je har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Amma bayan kowane kofi na 2012 zuwa 2014, da wuri aka koro ta: AC Léopards ta Kongo a 2013, AS Vita ta Kinshasa a 2014, Moghreb Tétouan ta Maroko a 2015. Gasar Afirka gida da waje ake yi, kuma kulob ɗin da ya girma kan dogaro da gida bai koyi yadda ake tsira a gidan wani ba. Wasan Léopards ya isa misali: ta ci 4-1 a gida, aka rama mata 3-0 a can, ta fita.

Kuɗin ma bai zama jari ba. Kulob mai magoya baya irin na Pillars, a garin kasuwanci irin Kano, ya kamata a ce tikiti da sayar da riguna da tallan kamfanoni sun fara ɗauke masa wani kaso mai tsoka na hidima. Ba a gina wannan ba sa'ad da kofi ke hannu, lokacin da kowa ke son a gan shi kusa da kulob ɗin. Aka ci gaba da jiran baitulmali, shugabancin kulob kuma ya ci gaba da zama muƙamin da gwamnati ke naɗawa tana saukewa.

Daga 2015 abubuwa suka fara kwancewa. A watan Maris na shekarar 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasan wuta a hanyarsu ta zuwa Owerri, suka raunata wasu, ciki har da Gambo Muhammad. Bayan 'yan watanni tarihin gida ya karye. An ɗan farfaɗo a 2019 da kofin Aiteo, inda Pillars ta doke Niger Tornadoes ta Minna a bugun fanareti a Kaduna. Sai kuma matsalar fili ta sa aka mayar da wasanninta na gida zuwa Kaduna. Ranar da ta dawo Kano a watan Afrilu 2022 don karawa da Katsina United, hargitsi ya ɓarke, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasar ta zabtare mata maki ta kuma tura ta Abuja. Taron da ya ciyo mata kofi huɗu shi ne ya jawo mata hukuncin da ya taimaka wajen jefa ta ƙasa. Ta dawo babban rukuni a 2023, Ahmed Musa ma ya sake sa rigarta, amma kofin gasar bai koma Kano ba tun 2014.

Me ya shafi mutumin Kebbi a nan? Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991 ba ta taɓa samun kulob da ya ɗauki wannan kofi ba, kuma yaron Ngaski ko Shanga da ke da ƙafa sai ya bar gida ya nufi Minna ko Kaduna ko Kano kafin wani ya gan shi. Duk ranar da aka tashi gina kulob na gaske a jihar, hanya mafi sauƙi ita ce a kwaikwayi Kano: gwamnati ta zuba kuɗi, a sayo 'yan wasa, a tsare gida. Sai dai Birnin Kebbi ba ta da yawan jama'ar Kano, baitulmalinta ma bai kai ba, ga shi gasar kanta ta sauya, yanzu cin wasa a waje ba abin mamaki ba ne kamar da. Kofin 2025 Remo Stars ce ta ɗauka, kulob na ɗan kasuwa Kunle Soname a ƙaramin garin Ikenne na jihar Ogun, mai filinsa na kansa da makarantar renon yara da yake ɗebo 'yan wasa daga ciki. Wannan tsari ya fi dacewa da jiha irin Kebbi, kuma farkonsa gasa ce mai ɗorewa tsakanin ƙananan hukumomin masarautar Yauri, da koci mai albashi, da fili ko ɗaya ne mai ciyawa a Yelwa.