Sifili a Kasuwar Gitata, Sifili a Kan Allo

A ce uwa ta aiki 'yarta mai shekara 13 kasuwar Gitata da naira 12,000, mudun masara yana naira 2,000, na gero kuma 3,000. Tun kafin yarinyar ta isa rumfar 'yan hatsi ta san cewa in masara zalla za ta saya, mudu 6 za ta ɗauko, in kuwa gero ne zalla, mudu 4. Ba wanda ya koya mata wannan da alli. Amma washegari, malam ya rubuta 2x + 3y = 12 a allo, ya ce a nemo inda layin ya haɗu da layin kwance da na tsaye, sai ka ga ta sunkuyar da kai tana wasa da biro. Alhali kuwa amsar ita ce 6 da 4 ɗin nan da ta riga ta sani tun jiya.

Abin da ake nufi da mahaɗa ke nan a darasin aljabara na ƙaramar sakandare. Ana zana layuka biyu da suka gitta juna: na kwance shi ne x, na tsaye shi ne y. Lissafi irin na sama, idan aka zana shi, miƙaƙƙen layi yake bayarwa, kuma inda ya taɓa kowane ɗaya daga cikin layukan biyun shi ne mahaɗarsa. Tambayar da ke ƙarƙashin zancen guda ce: idan ɗaya ya zama sifili, ɗayan nawa ne? Ba a sayi gero ba, wato y sifili ne, saura 2x = 12, x ya zama 6. Ba a sayi masara ba, saura 3y = 12, y ya zama 4. An samu ɗigo biyu, (6, 0) da (0, 4). A ɗora rula a ja layi, zane ya kammala, ba sai an cika shafi da jadawali ba.

Inda yara suka fi tuntuɓe sananne ne. Da sun ji an ce mahaɗar x, sai su mayar da x ɗin sifili, domin shi kunne ya kama. Wasu kuma su samu 6 daidai, amma su rubuta (0, 6), su kai masara rumfar gero. A ganina laifin ba na ƙwaƙwalwarsu ba ne. Haddar ƙa'ida aka ba su ba tare da dalili ba. Malamin da ya fito da su fili, ya ja layuka biyun a ƙasa da tsinke, ya sa yaro ya taka na kwance yana tambayarsa, "To, Malam Ƙarami, taku nawa ka yi sama?" zai ji amsa da kanta: ko ɗaya. Daga ranar yaron ya gane dalilin da ya sa y take sifili a kan layin x. Ƙasa dai ba a sayenta, kuma ba ta ƙarewa kamar takardar giraf.

Kada kuma a tsaya a bakin mahaɗa. A tambayi yarinyar nan: in Inna ta ce a haɗo duka biyu fa? Mudu 3 na masara da 2 na gero, kuɗi ya tashi cif. A nemo (3, 2) a zanen, za a tarar da shi zaune a kan layin, tsakanin ɗigon farko da na biyu.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu kamar yadda ake zato. Kalmar aljabara daga sunan littafin Alkhawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Haɗa lissafi da zane kuwa ana danganta shi da René Descartes na Faransa, a aikinsa na 1637. Mu ma muna da namu, Muhammad bn Muhammad Alkatsinawi, wanda ya yi rubutu a kan murabba'an lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Yaron da ke jin cewa lissafi na wasu ne ya kamata ya ji wannan suna ko sau ɗaya.

Misali na biyu ya fi nuna ma'anar kowace mahaɗa. Ɗan acaɓa ya tashi da lita 8 a tanki, yana zirga-zirga tsakanin Gitata da Keffi, a ce yana ƙone lita 2 kowace awa: y = 8 − 2x. Mahaɗar tsaye, 8, ita ce abin da ya fara da shi. Ta kwance, 4, ita ce awar da babur zai mutu a hanya ya koma turawa. Yara sukan yi dariya a nan, kuma ba sa mantawa.

Sai a ajiye masu wuyar sha'ani zuwa ƙarshen mako. Layin y = 2x ta tsakiyar magamar yake ratsawa, mahaɗunsa biyu a ɗigo ɗaya suke, don haka dole a nemo wani ɗigo kafin a ja layi. Layin y = 5 kuwa kwance yake, ba zai taɓa haɗuwa da layin x ba har abada. Idan kuma mahaɗar tsaye ta faɗo ƙasa da sifili, kamar a y = 500x − 3,000, a ce musu mai awara ce ta fara sana'a da bashin naira 3,000, tana cin ribar 500 kullum, sannan a tambaye su ranar da za ta fita daga bashin.