Ciwon Wuyan Ma'aikatan Kwamfuta: Ƙaramin Kaya Da Ba A Saukewa

Akawun banki da sakatariyar kamfani ba su ɗaukar buhu, amma da yawansu kan tashi daga aiki wuya a sandare, kafaɗa na zogi. Manajoji kan ɗauki wannan koke a matsayin raki. Sai dai binciken masana lafiyar ma'aikata a Suwidin da Norwe ya nuna cewa nauyi ne na gaske, har ma ana iya auna shi.

Ana yin awon ne da na'urar EMG, wadda ke karanta 'yar wutar lantarkin da tsoka ke fitarwa idan ta ɗaure. Akan manna ƙananan faya-fayai bisa tsokar da ta taso daga ƙeya ta sauka kan kafaɗa, a sa ma'aikacin ya ɗaga kafaɗar da iyakar ƙarfinsa, a ɗauki wannan a matsayin kashi 100. Daga nan sai ya koma kan teburinsa, na'urar na rubuta abin da tsokar ke yi.

Abin da ke fitowa bai taka kara ya karya ba, 'yan kashi kaɗan ne cikin 100. Matsalar ita ce ba ya yankewa. A 1982 Bengt Jonsson na Suwidin ya ba da shawarar kada nauyin da ke dawwama a kan tsoka ya wuce kashi 2, kuma ko ta halin ƙaƙa kada ya haura 5. A 1991 Göran Hägg ya yi bayanin dalili: ƙananan zarurrukan tsoka su ne ke fara aiki, su ne kuma na ƙarshen hutawa, saboda haka su kaɗai ke shan wahalar wunin. A 1993 Veiersted da abokan aikinsa, da suka bi diddigin mata masu shirya cakulan a wata masana'anta a Norwe, sun gano cewa waɗanda tsokarsu ba ta yawan samun ɗan saki, ko da na ƙasa da daƙiƙa guda, sun fi kamuwa da ciwon. Kazalika an tabbatar cewa matsin lamba da fargaba na ɗaure wannan tsoka ko hannu bai motsa ba, abin da ya kamata shugabannin da ke tsaye a kan ma'aikaci su lura da shi.

Ga mai kamfani, maganar ta kuɗi ce: ranakun jinya, kurakurai a lissafi, da asarar ƙwararren da aka kashe kuɗi wajen horar da shi. Tarayyar Turai ta wajabta ba masu aiki da kwamfuta hutu ko sauyin aiki lokaci-lokaci tun 1990. A Nijeriya, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu ga hukumar NSITF, ta kuma haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa.

Gyaran bai kai tsadar sabuwar kujera ba: a matso da linzamin kwamfuta kusa da jiki, a samar wa damtse wurin jingina, saman allon ya yi daidai da ido, a kuma bar ma'aikaci ya riƙa miƙewa daga kujera a kai a kai.