In Injin Ban Ruwa Ya Ƙi Shan Mai

Kafin shekarun 1980 yawancin lambunan da ke kewaye da birnin Kano da jigo ake ba su ruwa. A cikin shekarun nan ne hukumar KNARDA ta shiga yaɗa ƙananan injuna masu shan fetur a fadamu. Yanzu duk wanda ya bi rafin Jakara, wanda ya ratsa cikin birni ta gefen kasuwar Kurmi, in ya kai lambunan da ke bayan gari kamar na Kwakwaci, ƙarar injunan nan zai riƙa ji. Inji ya rage mana wahala, amma in ya tsaya cikin bazara, kwana biyu ko uku sun isa latas da alayyahu su yi yaushi.

Kwanakin baya mun ziyarci wani ɗan ƙungiya wanda injinsa ke tashi lafiya, ya yi kamar minti 10, sa'an nan ya mutu. Ya riga ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo sabon kafireto, ya biya bakanike ya ɗaura, amma ciwon bai warke ba. Da muka duba, ashe murfin tanki ne ya ɓace, shi kuwa ya rufe bakin da leda ya ɗaure tam da roba don kada ƙura ta shiga. Muka kwance ledar, inji ya yi ta aiki har yamma. Kuɗin kafireto da kwana huɗu na ban ruwa sun tafi a banza. Saboda haka ne muka ga ya kamata mu bayyana yadda za a bi sawun mai daki-daki kafin a kashe kuɗi.

Yadda mai ke tafiya

A irin injunan nan, kamar Honda da makamantansa, tanki yana bisa, kafireto yana ƙasa, mai yana gangarowa da kansa. Daga tanki ya bi ta tiyo, ya wuce makunnin mai, ya zuba cikin ɗan kofin da ke ƙarƙashin kafireto. A cikin kofin akwai wata 'yar roba mai iyo a kan mai, ita ke rufe hanya in kofi ya cika. Daga nan inji yakan zuƙo mai ta wata ƙaramar kafa da makanikai ke ce wa jet, ya gauraya da iska, ya kai ga fulogi. Kafar nan ba ta kai kaurin allura ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe ta.

Fara tambayar fulogi

Da farko a tabbata akwai mai a tanki, makunni kuma a buɗe yake. A duba baƙin mai, domin injuna da dama suna kashe kansu in ya yi ƙasa, ko in an ajiye su a karkace a gaɓar rafi. Sa'an nan a ja igiya sau biyar ko shida, a kwance fulogi a duba bakinsa. In a bushe yake, mai ba ya isowa. In a jiƙe yake yana warin fetur, mai yana isowa, watau ko ya yi yawa, ko kuwa wuta ce babu.

In mai ba ya isowa

Alamunsa su ne: inji yana hawa yana sauka, ko ba ya aiki sai an ja cok, ko ya yi 'yan mintoci ya mutu. A bi wuraren nan bi da bi.

1. Murfin tanki. Akwai 'yar kafa a jikinsa inda iska ke shiga ta maye gurbin man da ya sauka. In ta toshe, mai ba zai gangaro ba. Ku tuna da gwangwanin madara: in ƙofa ɗaya aka huda ba ya zuba sosai sai an huda ta biyu. A sassauta murfin, in inji ya daidaita, an gano ciwon.

2. Tiyo. A rufe makunni, a duba ko tiyon ya tsage, ya lanƙwashe, ko ya bushe saboda rana. A cire bakinsa a tara da kwalba. Ya kamata mai ya zubo sosai. In ɗiga yake yi, rariyar da ke cikin tanki ta cika da datti ko tsatsa.

3. Kofin datti. Injuna da yawa suna da wani ƙaramin kofi a ƙarƙashin makunni inda laka da ruwa ke taruwa. A kwance shi, a wanke da fetur mai tsabta, a kula kada zoben robarsa ya ɓace.

4. Kofin kafireto. Akwai ɗan noti na tsiyaye mai a gefensa. A tara da kwalba mai haske, a sassauta shi. In akwai ruwa, za a gan shi ya kwanta a ƙasa, domin ya fi fetur nauyi.

5. Jet. Sai an gama da na sama za a taɓa shi. A cire shi a ɗaga wajen haske. In ba a ga haske ba, a hura shi da famfon keke, ko a zura siririn zaren wayar lantarki guda ɗaya. Kada a yi amfani da allura ko ƙusa, domin jet ƙarfe ne mai taushi. In kafar ta faɗaɗa, inji zai riƙa shan mai fiye da kima har abada.

In mai ya yi yawa

Alamunsa baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin, ko mai yana ɗiga daga kafireto. Sau da yawa cok ne aka manta ba a mayar ba, ko soson iska ya cika da ƙurar hunturu. In na soso ne, a wanke shi da ruwa da sabulu, a bari ya bushe sarai, a ɗan shafa masa baƙin mai a matse. In mai yana ta ɗiga, datti ne ya hana robar nan mai iyo rufe hanya.

Shi kansa man

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, mai ya yi tsada, da yawanmu kuma a kwalba muke saye wurin 'yan bumburutu. A ɗiga kaɗan a kan farar takarda. Fetur mai kyau yakan bushe bai bar tabo ba, wanda aka gauraya da kananzir yakan bar maiƙo. A watan Fabrairu na 2022 hukuma ta sanar cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima, injuna da yawa suka sami matsala. Metanol yana jan ruwa daga iska, yana kuma cin roba. Shi ne ake sa wa ƙananan motocin tsere na wasa da ake sarrafawa daga nesa, a gauraye da sinadarin nitro da man shafawa. Masu motocin nan ba sa barin bakin kwalbar mansu a buɗe, ba sa kuma barin mai ya kwana a tanki. Wannan dabara ta dace da mu.

Abin da ƙungiya za ta yi

Muna ba kowace ƙungiya shawara ta tanadi akwati guda mai sifana, da sukundireba, da fulogi, da tiyo, da murfin tanki, da mazurari mai rariya, a hannun mutum ɗaya amintacce. A riƙa tace mai kafin a zuba, a ajiye jarka a inuwa, a rufe. In damina ta faɗi za a ajiye inji, a rufe makunni a bar shi ya shanye man kafireto har ya mutu da kansa, a tsiyaye na tanki. Fetur in ya wuce wata guda a ajiye yakan fara lalacewa, ya bar danƙo a cikin jet.

A yi aikin nan in inji ya huce, nesa da taba da wuta, kada kuma a zuƙi fetur da baki. Abu ɗaya za a gyara a gwada, kana a wuce na gaba, don a san abin da ya warkar. In an bi duk waɗannan inji bai tashi ba, to, lokacin zuwa wurin bakanike ya yi, za ku kuma iya gaya masa abin da kuka riga kuka duba.