Sulhun Iyali: Me Ya Sa "A Yi Haƙuri" Kaɗai Ba Ya Kashe Wutar Gida?

A Fassi, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Kibiya a ƙasar Rano, kamar sauran garuruwanmu, idan mace ta yi yaji an san hanyar da ake bi. Za ta tafi gidan iyayenta, a bari zuciya ta huce kwana biyu, sannan miji ya tura amininsa ko ƙanin mahaifinsa biko. A shimfiɗa tabarma a zaure, a gaisa, a ce wa miji ya ji tsoron Allah, a ce wa mace ta yi haƙuri domin aure ibada ne. A shafa fatiha, ta koma ɗakinta. Sau da yawa ba a rufa wata uku ba sai ta sake ɗaukar mayafi, a karo na uku kuwa takardar saki ce ke biyo ta.

Ba mu raina wannan al'ada ba, domin ta ceci aure da dama. Amma ya kamata mu tambayi kanmu dalilin da ya sa rikicin yake dawowa. A ganinmu, an mayar da matar ɗaki ne ba tare da an ji abin da ya fito da ita ba. An rufe rauni da tsumma alhali ƙaya tana ciki.

Abin da masana suka gano

Tun daga shekarun 1950 wasu likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam a Amurka suka lura cewa majinyaci yakan samu sauƙi a asibiti, amma da ya koma gida sai ciwon ya tashi. Daga nan aka samar da fannin jinyar iyali, inda ake zama da mutanen gida gaba ɗaya maimakon mutum guda. Salvador Minuchin, haifaffen Ajantina, ya mai da hankali kan tsarin gida: wa ke da iko da me, ina iyakar uwa, ina iyakar mata. Shi kuma Murray Bowen ya nuna cewa idan mutum biyu suka kasa fuskantar juna, sukan jawo na uku ya shiga tsakani, sai rikicin ya zama murhu mai duwatsu uku.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mu ɗauki misali da abin da ke faruwa bayan kaka, idan magidanta sun tafi cirani birnin Kano ko kudu. Miji yana aiko da kuɗin cefane ta hannun mahaifiyarsa, don girmamawa. Matar tana ganin an mayar da ita yarinya, sai ta roƙa kafin ta sayi sabulu. Uwar kuma tana ganin suruka ta ɗaure fuska, ta raina ta. Kowacce ta kira shi a waya ta kai ƙara, shi kuma ya ba kowacce haƙuri ba tare da ya yanke komai ba. Ranar da ya dawo, magana ɗaya ta fasa tulun, matar ta yi yaji. Masu biko za su ce rashin kunya ce, alhali asalin ciwon shi ne ba a taɓa zama an fayyace hannun da kuɗin abinci zai bi ba. Mai jinyar iyali ba mai laifi yake nema ba, zaren da ke ɗaure kowa yake bi har ya ga inda ya ƙulle.

Tsarin da Musulunci ya shimfiɗa

Tun kafin waɗannan masana, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni cewa idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata, a naɗa mai sasantawa ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, tare da alkawarin cewa Allah zai daidaita tsakani idan gyara ake nufi. Abu biyu ne za mu lura da su. Na farko, tun ana tsoron ɓarakar ake tashi, ba a jira sai ta auku. Na biyu, kowane ɓangare yana da nasa, wanda zai iya buɗe wa ciki ba tare da kunya ba.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na ƙasar nan ke aiki da ita, sun ɗauki waɗannan mutum biyu da nauyi ƙwarai. Sun sharɗanta su zama adalai masu fahimtar abin da aka aike su yi, kuma sun ba su ikon zartar da abin da suka gani, ko daidaitawa ko rabawa, bayan sun bincika wanda ke cutar da wani. Wanda aka ba irin wannan iko ba zai wadatu da cewa "a yi haƙuri" ba, dole ya saurara, ya yi tambaya, ya gane.

A sunnar Manzon Allah (SAW) ma akwai darasi. Lokacin da aka samu saɓani tsakanin Sayyidina Ali da Nana Faɗima, Annabi ya same shi kwance a masallaci, ƙasa ta taɓa jikinsa, ya share masa, ya tashe shi da lafazi mai taushi wanda ya zama alkunyarsa ta Abu Turab. Uba ne na matar, amma bai fara da faɗa ba. Haka nan da Barira ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugis bayan an 'yanta ta, Annabi ya nemi ta koma. Ta tambaya ko umarni ne, ya shaida mata ceto ne kawai yake yi, ta ce ba ta da buƙata, kuma bai tilasta ta ba. Mai sulhu yana roƙo, yana nasiha, amma ba ya murƙushe zuciya.

Yadda zaman sulhu zai yi amfani

Idan muka haɗa hasken shari'a da gogewar masana, za mu ga zaman sulhu yana buƙatar abubuwa kaɗan waɗanda ba sa cin kuɗi. A fara jin kowa shi kaɗai, domin 'yar Hausa ba za ta faɗi matsalar shimfiɗa ko ta yunwa a gaban surukinta ba, kuma a nan ne ake buƙatar dattijuwa ko malamar Islamiyya mai riƙon asiri. Idan an haɗa su, kowa ya yi magana ba a katse shi ba, sannan a nemi ɗayan ya maimaita abin da ya ji kafin ya ba da amsa. Sau da yawa a nan ake gane cewa shekara da shekaru kowa yana amsa abin da ba a faɗa ba ne.

A hana kalmomin "kullum" da "ba ka taɓa", a nemi magana ƙayyadadda: ranar kaza abu kaza ya faru, ga yadda na ji. A gayyato wanda rikicin ya shafa, uwar miji ce ko abokiyar zama, cikin girmamawa, ba don a tuhume ta ba. A ƙarshe a tashi da yarjejeniya bayyananna: mudu nawa za a fitar, ta hannun wa, yaya rabon kwana, yaushe za ta je ganin gida. Sannan a sa ranar dawowa, bayan mako biyu ko wata guda, a duba abin da aka cika. Wannan komawar ita ce bikonmu ya rasa.

Yara kuma kada a mai da su 'yan aike ko shaidu. Yaron da ya tashi yana kai saƙon baƙar magana tsakanin uwa da uba, da wannan karatun zai shiga nasa gidan.

Ƙofofin da muke da su

Mutumin Fassi ba ya rasa inda zai kai kukansa. Bayan waliyyai akwai liman, akwai mai unguwa da dagaci har zuwa hakimi. Hukumar Hisbah ta Jihar Kano, wadda aka kafa da doka a 2003, tana da ofisoshi a ƙananan hukumomi 44 na jihar, kuma sasanta ma'aurata yana cikin manyan ayyukanta na yau da kullum. Sai kotun shari'a idan abu ya gagara. Gwamnati ta ɗaura auren mutum 1,800 da angwayensu a watan Oktoban 2023, ta kuma kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Duka abin yabawa ne, sai dai ɗaura aure ya fi riƙe shi sauƙi. Muna kira ga Hisbah da Masarautar Rano da makarantun Islamiyya su horar da limamai da masu unguwanni da malamai mata dabarun saurare da sasanci, yadda ake koyar da ilmin rabon gado.

Akwai kuma iyaka. Inda ake duka har da rauni, tsare rai shi ne farko, kuma mayar da mace irin wannan gida da sunan haƙuri taimakon zalunci ne. Inda shaye-shaye ko ciwon damuwa ya shiga, musamman ga mai jego da halinta ya sauya, ana buƙatar likita tare da addu'a, kuma akwai masana a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau. Inda zama ya ƙi, shari'a ta buɗe ƙofar rabuwa cikin kyautatawa, kuma sulhun da ya kare haƙƙin yara bayan saki shi ma nasara ce.

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Saɓani ba abin kunya ba ne, barinsa ya ruɓe a ciki shi ne hasara. Duk wanda aka kira biko a cikinmu, ya tafi da kunne kafin ya tafi da baki, kuma ya sa ranar komawa. Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya sanya ƙauna da jinƙai a tsakanin ma'aurata, amin.