Daga Illo Zuwa Tsamiya: Yaƙi Da Jahilci Na Biyu Ya Iso Bakin Iyaka

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana kudu maso yammacin Birnin Kebbi, inda kogin Kwara ke ratsawa jim kaɗan bayan shigowarsa Nijeriya. Ƙasa ce ta noman shinkafa da albasa, ta su da kiwo, kuma ƙasa ce ta fatauci tun zamanin kakanni. Daga Illo zuwa Ka'oje, daga Zagga zuwa Lolo da Tsamiya, za ka ji Hausa da Fulatanci da Dandanci da Busanci suna kai-komo a kasuwa ɗaya. Ɗan kasuwar Tsamiya yakan yi ciniki da harsuna uku kafin azahar, ya juya sefa zuwa naira da ka, ba tare da ya taɓa alƙalami ba. Amma ka miƙa masa wayar da ke aljihunsa ka ce ya buɗe shafin hukumar JAMB ya duba sakamakon ɗansa, sai ka ga ya waiwaya yana neman wanda zai taimaka masa. Wannan giɓi shi ne abin da nake son mu tsaya a kansa a wannan mako.

Iyakar da ta raba Bagudo da Jamhuriyar Benin ta samo asali ne daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a watan Yunin 1898, wadda ta tsaga ƙasar Bargu gida biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Fiye da shekara ɗari da ashirin ke nan mutanen yankin suna zaune da wannan layi, sun san hanyoyinsa, sun san dokokinsa, suna aure da zumunci da Segbana da Malanville kamar babu shi. Ko da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, an sha wuya, amma an san abin da ake fama da shi. Iyakar da ta taso yanzu daban take. Ba ta da shinge, ba ta da jami'in kwastam, tana cikin tafin hannun mutum, kuma wanda bai iya ƙetare ta ba yana asarar haƙƙinsa ba tare da kowa ya hana shi ba.

Mu duba yadda abin ya faro. A 2001 wayar tafi-da-gidanka ta shigo Nijeriya, mutane suka ɗauke ta abin kira da amsawa. A 2014 bankuna suka fito da lambar BVN. A 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, shirin da ya sa manomin shinkafa ya buƙaci asusun banki. A ƙarshen 2020 aka ba da umarnin haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN. A farkon 2023 ƙarancin takardun naira ya tilasta wa mai kifi da mai albasa karɓar kuɗi ta waya, ko sun so ko sun ƙi. A 2024 aka buɗe shafin neman bashin karatu na NELFUND. Ɗaya bayan ɗaya, hukuma ta kwashe ƙofofinta ta mayar da su intanet, alhali ba a tsaya an koya wa talaka yadda ake ƙwanƙwasa su ba.

A matsayina na malamin jami'a, kowace shekara ina karɓar sababbin ɗalibai, cikinsu har da 'ya'yan wannan yanki. Yara ne masu kaifin basira, kuma kusan kowanensu yana da Facebook da WhatsApp. Sai dai da yawansu sun ɗauka waɗannan manhajoji biyu su ne intanet ɗin baki ɗaya. Idan na ce a nemo maƙala kan wani batu, sai wani ya shiga zauren WhatsApp na ajinsu ya tambaya ko akwai wanda ya samo. Idan na tambayi adireshin imel, sai a ce mini yana wurin mai shagon kwamfutar da ya yi rajista. Na san ɗalibin da aka ba gurbin karatu, amma bai san cewa sai ya shiga shafin JAMB ya amince da gurbin da kansa ba. Mai shagon da ke riƙe da kalmar sirrinsa ya tashi daga garin, shi kuwa yana gida yana jiran takarda. Da ƙyar aka ceto masa shekarar. Laifin ba na yaron ba ne, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa.

To, me ake nufi da ilmin farko na intanet? A ganina darussa biyar ne, kuma duk wanda ya iya karanta boko zai iya kammala su cikin mako biyu.

Na farko shi ne rarrabe abubuwa. Intanet ita ce hanyar da ta haɗa kwamfutocin duniya, kamar titin mota. Yanar gizo kuwa, wadda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a 1989, ita ce tarin shafukan da ke bakin wannan titi, kamar rumfunan kasuwa. Burauza, irin su Chrome da Opera da Firefox, ita ce abin hawan da ke kai ka rumfar da kake so. Google ɗan jagora ne, kana gaya masa abin da kake nema yana nuna maka rumfunan da yake zaton suna da shi. Facebook rumfa ɗaya ce tak a cikin wannan kasuwa, komai girmanta. Ranar da mai koyo ya fahimci wannan, rabin tsoronsa ya tafi.

Na biyu shi ne karanta adireshi. Kowane shafi yana da suna da ke bayyana a saman burauza, kuma ƙarshen sunan yana faɗin asalinsa. Shafukan gwamnatin Nijeriya suna ƙarewa da gov.ng, na jami'o'inmu da edu.ng, na gwamnatin Benin kuwa da gouv.bj. Shafin JAMB shi ne jamb.gov.ng. Duk wanda ya turo maka wani dogon adireshi mai ɗauke da sunan hukuma a tsakiyarsa amma ƙarshensa wani abu ne daban, yana cewa ka cike ka karɓi tallafi, to ka yi hattara. Alamar kwaɗo da wasu burauza ke nunawa kusa da adireshi tana nufin ba mai leƙen saƙonka a hanya. Ba ta shaidar cewa mai shafin mutumin kirki ne. Ɓarawo ma yakan kulle ƙofarsa.

Na uku shi ne iya tambaya. Google ba ya son doguwar gaisuwa. Kalmomi uku ko huɗu masu ma'ana sun fi jimla mai tsawo: sunan abin, sunan wuri, da shekara. A lura kuma cewa sakamakon farko sau da yawa talla ne da wani ya biya kuɗi aka ɗora, kuma akan rubuta hakan a jikinsa da ƙananan baƙaƙe. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba yana iya nema da Hausa, domin akwai jaridun Hausa da Wikipedia ta Hausa, kuma tun 2013 manhajar fassara ta Google ta saka Hausa cikin harsunanta. Fassarar takan yi tuntuɓe, amma tana isa mutum ya gane inda zance ya dosa.

Na huɗu shi ne mallakar imel da tsare sirri. Imel a yau shi ne akwatin gidan waya na mutum, ta nan makaranta da ma'aikata suke aiko masa da amsa. Dole ya buɗe shi da hannunsa, ya haɗa shi da lambar wayarsa ta kansa, ya zaɓi kalmar sirrin da ba sunansa ko shekarar haihuwarsa ba ce. Idan ya yi aiki a shagon kwamfuta, ya tabbata ya fita daga asusunsa kafin ya tashi daga kujera. Lambar nan da banki ke turowa ta saƙo lokacin cire kuɗi kuwa, makullin rumbu ce. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ka ya nemi ka karanta masa ita.

Na biyar, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne tantance labari. Addininmu ya riga ya hore mu da bincike idan aka zo mana da labari, kuma malaman hadisi sun gina ilmi sukutum kan tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji. Wannan ma'auni shi ne ake buƙata a waya. Wa ya rubuta? Yaushe? Akwai wata kafa mai mutunci da ta kawo shi? Tsarin MMM ya durƙushe a watan Disambar 2016 da kuɗin jama'a, CBEX ya bi sahunsa a watan Afrilun 2025, kuma duka biyun ta waya suka shiga gidajen mutane da alkawarin riba ba wahala. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Bahaushe.

Bayan waɗannan, mutumin bakin iyaka yana da nasa ƙarin darussan da ɗan Kano ko Zariya bai damu da su ba. A wasu ƙauyuka sabis ɗin Benin ya fi na Nijeriya ƙarfi, shi ya sa za ka ga mutum da layi biyu, ɗaya mai farawa da 234, ɗaya mai 229. Yana bukatar ya san yadda ake zaɓar layin da zai ja data, da yadda ake kashe yawon layi zuwa wata ƙasa, don kada wayarsa ta kama sabis ɗin ƙetare ta cinye masa kuɗi yana zaune a ɗakinsa. Yana bukatar ya san cewa lambar banki tana zuwa ne ta layin da aka yi rajista da shi, kuma tana mutuwa cikin 'yan mintuna, saboda haka sai ya tsaya inda sabis ɗin Nijeriya ke kamawa kafin ya fara tura kuɗi. Shafukan ƙetaren iyaka da Faransanci suke, don haka iya juya shafi zuwa wani harshe a burauza ya zama masa jari. Sannan a wannan lokaci da matsalar tsaro ta taɓa ɓangarorin iyakar biyu, tsohon bidiyo daga wata ƙasa yana iya watsa kasuwa guda idan aka ce yau ya faru a ƙauyen maƙwabta. Matashi ɗaya da ya iya bin diddigin hoto da Google Lens yana iya kwantar da hankalin gari.

Na san akwai iyayen da ke ɗari-ɗari, suna cewa intanet ɓata tarbiyya take yi. Tsoronsu yana da tushe, ba na raina shi. Amma wayar ta riga ta shiga gida, kuma yaron da ba a koya masa ba shi ne ya fi saurin faɗawa rami. Mutanen bakin Kwara ba su hana 'ya'yansu zuwa kogi don ruwa yana cin mutum. Iyo suke koya musu, su nuna musu inda zurfi yake.

Saura tambayar wa zai koyar. Hukumar NITDA ta sa wa ƙasa burin cewa kashi 70 cikin ɗari na 'yan Nijeriya su samu ilmin zamani na na'ura zuwa 2027, kashi 95 kuma zuwa 2030. Buri ne mai kyau, amma ba za a cim masa da tarurrukan otal a Abuja ba; a Lolo da Ka'oje za a auna shi. Muna da tarihi da za mu koma gare shi. Nana Asma'u 'yar Shehu ta horar da jajis, su kuma suka shiga ƙauyuka suna karantar da mata a tsarin 'Yan Taru, ba tare da an gina aji ko ɗaya ba. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta yi Yaƙi Da Jahilci, manya suka zauna gindin bishiya suka koyi karatu da rubutu. Abin da ake bukata yanzu bai fi wannan wuya ba, tunda allon yana aljihun ɗalibin.

Ina kira ga gwamnatin Kebbi, wadda gwamnanta, Nasir Idris, malamin makaranta ne kuma tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa, da ta tabbatar kowane ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare a Bagudo ya taɓa linzamin kwamfuta ya kuma buɗe imel ɗinsa kafin ranar JAMB. Hukumar sadarwa ta NCC tana da asusun da dokar 2003 ta kafa domin kai sabis wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba. Wakilan yankin a majalisa su bi wannan haƙƙi, domin ƙauyen Nijeriya bai kamata ya dogara da turken wata ƙasa ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero da Kwalejin Waziri Umaru suna iya mayar da wannan aiki hidimar hutu ga ɗalibansu. Hakimai da limamai su ba da zaure, makarantun Islamiyya su ba matan aure sa'a guda a mako tare da malama mace, domin uwar da ta iya duba waya ita ce mai gadin farko a gidanta.

Kai kuma ɗalibi mai karanta wannan shafi, idan ka koma gida hutu, ka zaunar da mutum biyar, ka fara da mahaifinka da ƙanwarka. Kada ka karɓi wayar ka yi musu; ka bar ta a hannunsu, su danna da kansu, su yi kuskure su gyara. Zakkar ilmi ke nan, kuma mutanen da suka iya zama da iyakar 1898 ba za su kasa wannan ba idan aka nuna musu hanya. Allah Ya sa mu dace.